Mutum Ɗaya, Magada Dubbai: Labarin Filin Man Fetur Na Spindletop

Duk akawun da ya taɓa zama gefen Alkali ranar rabon gado ya san yadda mamaci ya kan yi 'yan'uwa da yawa in ya bar dukiya. Wanda bai zo jana'iza ba, bai zo sadakar uku ba, sai ka gan shi ranar rabo ya iso tun da sassafe yana lissafa kakanni. To, labarin da zan ba masu karatu yau irin wannan ne, sai dai ba a ƙasarmu ya faru ba, a Amurka ne. Mutum ɗaya ne ya ɓace ba a san kabarinsa ba, amma dubban mutane suka tashi suna cewa su ne magadansa, aka yi ta kai da kawowa a kotuna har kusan ƙarshen ƙarni na ashirin, ba wanda ya sami ko anini.

Sunan mutumin Pelham Humphries. A cikin 1835 ƙasar Teksas ba ta shiga Amurka ba tukuna, tana hannun Meksiko. Gwamnatin Meksiko kuwa tana neman baƙi su zo su zauna su raya mata daji, sabo da haka ta kan yanka wa magidanci fili wanda su ke kira lig, watau eka 4,428, kusan murabba'in mil bakwai ke nan. A cikin watan Fabrairu na wannan shekara aka rubuta wa Humphries takardar lig ɗaya a kudu maso gabashin Teksas, kusa da inda garin Beaumont ya ke yanzu. Ba wani filin kirki ba ne a idon mutanen wancan zamani. Fadama ce da ciyawa da sauro, sai wani ɗan tudu a gefe wanda ruwansa ya ke warin farar wuta. Shekara ɗaya bayan wannan Teksas ta yi yaƙi ta ɓalle daga Meksiko, a 1845 kuma ta shiga Amurka. A cikin wannan hargitsi Humphries ya ɓace daga takardu.

Filin bai zauna ba mai shi ba. Ba a daɗe ba aka sami takardar ciniki da ta nuna an sayar da shi ga wani mai suna William Inglish, daga nan ya yi ta sauya hannu, har a cikin shekarun 1880 ya faɗa hannun gidan McFaddin, waɗansu manyan masu kiwon shanu na Beaumont. Suka kewaye shi, suka zuba garkensu, suna biyan harajinsa kowace shekara. Da a ce ciyawa kaɗai ke wurin, da labarin ya ƙare nan.

Amma akwai wani mutum a Beaumont mai hannu ɗaya, ana ce da shi Pattillo Higgins, wanda ya haƙiƙance akwai mai a ƙarƙashin wannan tudu. A 1892 ya haɗa kai da waɗansu suka kafa kamfani, suka yi ta haƙa ba su dace ba, sabo da rairayi ya kan rufta ya toshe ramin. Mutanen gari suka mai da shi abin dariya. Daga baya wani injiniya mai suna Anthony Lucas, haifaffen Dalmashiya a gaɓar tekun Adiriyatik, ya zo ya karɓi aikin. Shi ya san sha'anin gishirin da ke tulluwa a ƙarƙashin ƙasa ya ɗaga ta sama kamar tudu, ya kuma san mai ya kan taru a gefen irin wannan tuli. Da kuɗinsa suka ƙare sai ya nemi taimakon waɗansu attajiran Pittsburgh, aka ɗauko masu haƙa 'yan gidan Hamill. Ran 10 ga watan Janairu, 1901, da hantsi, ramin ya wuce ƙafa dubu, sai laka ta fara tafasowa. Can sai bututun ƙarfe mai nauyin tan da yawa ya yi sama, iskar gas ta biyo, sa'an nan baƙin mai ya tsarto ya haura ƙafa ɗari. Kwana tara yana zuba ba a iya toshe shi ba, an kuwa kimanta abin da ke fita kowace rana kamar ganga 100,000. Wannan wuri shi a ke kira Spindletop.

Cikin 'yan watanni mutanen Beaumont suka tashi daga kamar 10,000 zuwa kusan 50,000. A 1902 filin ya ba da fiye da ganga miliyan 17. Mai ya yi yawa har ganga ta faɗo ta koma santi uku, ya fi ruwan sha araha a wurin. A nan ne aka haifi kamfanin Gulf da kamfanin Texaco, waɗanda mu ma mun san su, tun da Texaco ya daɗe yana sayar da fetur a garuruwanmu, Gulf kuma ya haƙi mai a tekun Nijeriya a shekarun 1960. Rijiyoyin farko suka yi saurin ƙafewa, amma a 1925 kamfanin Yount-Lee ya haƙa zuwa ƙasa ƙwarai a filin McFaddin ya sake dacewa, har a 1927 aka fid da ganga miliyan 21. Bayan mai kuma, tun daga shekarun 1950 wani kamfani ya shiga haƙar farar wuta a wurin. Yanki mai yawa na wannan arziki yana cikin lig ɗin nan na Humphries.

A nan dole in tsaya in bayyana wani abu, don mai karatu na iya cewa, ina ruwan mai fili da abin da ke ƙarƙashin ƙasa? A Nijeriya ma'adinai na gwamnati ne, tun zamanin Turawa haka doka ta ke, kuma ba ta sake ba. Ko a gonarka aka sami kuza ko mai, diyyar amfanin gona za a ba ka. A Teksas ba haka ba ne. Mai fili shi ke da abin da ke ƙarƙashinsa, kamfani ya kan yi jinga da shi, bisa al'adar wancan zamani a ba shi tumuni, watau kashi ɗaya cikin takwas na duk man da aka fitar. Ka ga ke nan wanda ya tabbatar filin nasa ne ya iya neman tumunin man shekara da shekaru. Abin dariya kuwa shi ne, ran da aka ba Humphries takardarsa dokar Meksiko ke aiki, ita ma ta ce ma'adinai na hukuma ne. Sai a tsarin mulkin Teksas na 1866 aka sakar wa masu filaye. Watau dukiyar da a ke ta faɗa a kanta, shi kansa Humphries ba ta cikin abin da aka ba shi.

To, ina magadan suka fito? Yawancinsu daga duwatsun gabashin jihar Tenesi, tafiyar ɗaruruwan mil daga Beaumont, ƙasar ƙananan manoma masu ƙaramin ƙarfi. A gidajensu akwai hikayar da kaka ke ba jika, ga yadda ta ke a taƙaice. Wai Pelham ɗan wurin ne, ya yi wani laifi yana saurayi ya gudu Teksas, ya sami fili, ba a jima ba aka kashe shi a wata rigima a garin Nacogdoches, bai bar mata ba bai bar ɗa ba. Wai takardar cinikin da aka ce ya yi da Inglish ta jabu ce, an kankare suna an sa wani. In haka ne, filin bai taɓa fita daga hannunsa ba, gadonsa kuwa na 'yan'uwansa ne da zuriyarsu. Kowane gida da irin ƙarin gishirinsa. Wani ya ce harbe shi aka yi, wani ya ce soke shi aka yi, wani ya ce kakarsu ta ajiye wasiƙarsa a cikin Littafi Mai Tsarki amma gobara ta cinye. Babban jigon hikayar, wanda ya fi kome riƙe zukata, shi ne cewa wai kamfanonin mai sun san gaskiya, suna zuba rabon magada a wani asusu a banki, yana ta haihuwa, yana jiran ranar da za su haɗa kai su zo su karɓa. Shari'u nawa aka yi, ba kotun da ta taɓa ganin wannan asusu.

Ban ce dukan hikayar ƙarya ce ba, ruwa ba ya tsami banza. Gaskiya ne a cikin tsofaffin takardun akwai ruɗani kan sunan farko na mutumin, wani wuri Pelham, wani wuri William. Wannan shi ya raba masu da'awa gida biyu. Waɗansu suka ce Pelham ne aka ba filin, su ne jikokin 'yan'uwansa. Waɗansu suka ce a'a, William Humphries ne ainihin mai fili, su ne zuriyarsa. Sai ga shi kafin su fuskanci kamfanoni sun fara ƙaryata juna. Ku duba, takardun nan da Sifaniyanci aka rubuta su, marubucin yana jin sunan baƙo da kunne yana rubutawa yadda ya ji, mai sunan kuma sau da yawa bai iya karatu ba balle ya gyara masa. Akawunmu da ya taɓa rubuta Mamman a rajistar haraji bana, baɗi ya rubuta Muhammadu, ya san yadda irin wannan ke aukuwa ba da mugun nufi ba. Kalma guda ce a bakin alkalami, ga inda ta kai mutane.

Akwai kuma wani abin lura da ban ga hikayar ta warware shi ba. Bisa dokar da aka yi rabon filayen da ita, cikakken lig na magidanci ne mai iyali, gwauro rubu'i a ke ba shi. Hikayar ta nace Pelham ya mutu ba mata ba ɗa, don da haka ne kaɗai gadon zai gangaro ga 'yan'uwansa na Tenesi. Amma cikakken lig aka rubuta masa. Ko dai ya yi wa hukuma ƙarya ran da ya nemi filin, abin da waɗansu baƙi suka yi a lokacin, ko kuwa mutumin da aka ba filin ba shi ne saurayin da ya gudu daga Tenesi ba.

Tun ba a daɗe da samun mai ba ƙararraki suka fara. Aka riƙa kafa ƙungiyoyin magada, ana taro a ɗakunan makaranta da majami'u, ana karɓar kuɗin shiga da kuɗin lauya da kuɗin binciken asali. Manomi ya sayar da ɗan maraƙinsa ya biya, tsohuwa ta kwance bakin zanenta ta biya, kowa na tsoron kada ranar rabo ta zo sunansa ba ya cikin littafi. A farkon shekarun 1950 wata babbar ƙara ta je gaban kotun tarayya, aka kore ta. A shekarun 1960 aka sake dawowa, 'yan Pelham da 'yan William kowa da tasa ƙarar.

A 1968 kotun afil ta tarayya mai kula da Teksas ta yanke hukuncin da ya kamata a ce ya rufe maganar. Abin da ya burge ni game da wannan hukunci shi ne alkalan ba su ɓata lokaci kan wane ne Pelham wane ne William ba. Suka ce a ɗauka ma kowanne daga cikinsu ne mai filin. Tambaya ita ce, cikin fiye da shekara 125, wane Humphries ne ya taɓa zama a filin, ko ya kafa shinge, ko ya kiwata saniya, ko ya biya harajinsa sau ɗaya? Babu. Su wa suka yi duk wannan a fili, kowa na gani? McFaddin da waɗanda suka gabace su da waɗanda suka saya daga hannunsu. Sabo da haka doka ta ɗauka cewa filin ya fita daga hannun Humphries ta hanyar da ta halatta tun tuni, ko da takardar ta ɓace ko tana da aibi. Malamanmu na fikihu ba za su yi mamakin wannan ba, don kusan shi ne abin da su ke kira hauzi. A mazhabar Malikiyya, wanda ya riƙe gida ko gona shekara goma yana amfani da ita, mai da'awa na nan yana gani, ba abin da ya hana shi magana amma ya yi shiru, to, ba a sauraron ƙararsa bayan haka. In tsakanin dangi ne a kan tsawaita wa'adin. Bambancin shi ne fikihu ya kan yi wa wanda ba ya nan uzuri, magadan Tenesi kuwa za su ce ai su ba su nan, ba su sani ba. Amma bayan 1901 duniya duka ta ji labarin Spindletop, kuma dalilin dokar ɗaya ne ko nan ko can: shaidu na mutuwa, takardu na ruɓewa, in aka bar ƙofa a buɗe har abada ba wanda zai kwana da tabbacin gidan da ya ke ciki nasa ne.

Kuna tsammani an haƙura? Ina! Sabuwar zuriya ta taso, hikayar ta sake tsirowa kamar ba a taɓa sare ta ba. Aka sake tara kuɗi aka sake kai ƙara, kotun tarayya a Teksas ta kore ta a 1990, kotun afil ta tabbatar a 1991. Da suka ga Teksas ta gagara sai aka koma kotun tarayya ta Tenesi. Can ma aka kora, har alkali ya ƙara da umurni cewa nan gaba ba mai shigar da ƙarar gadon Humphries sai ya fara neman iznin kotu. A 1998 kotun afil ta yankin ta tabbatar da wannan umurni. Ba kasafai kotun Amurka ta kan sa wa jama'a irin wannan takunkumi ba, sai abin ya ishe ta.

Har wa yau ba gidan Humphries kaɗai ba ne. Akwai wata takarda ta 1911 wadda wani mai suna Ephraim Garonzik ya sayar wa wani James Meaders tumunin ma'adinan waɗansu filaye a yankin. Gidaje masu suna Meaders da Meadors da Meadows, a Kentaki da maƙwabtanta, su ma suka tashi da tasu hikayar, kowa ya ce James ɗin nan kawun kakansa ne. A 1990 kotun afil ta karanta takardar ta ce filaye huɗu kaɗai ta ambata da sunansu, ba ta shafi dukan Spindletop ba. Nan ma harafi ɗaya ko biyu a cikin suna ya isa ya jawo gidaje ɗaruruwa.

Malaman lissafi na iya ba 'yan aji wannan aiki, don yana da amfani. A ɗauka mutum yana da 'yan'uwa huɗu, kowannensu ya haifi huɗu, 'ya'yan ma haka, har zuriya ta bakwai. Huɗu sau huɗu har sau bakwai ya ba da 16,384. Daga 1835 zuwa yau kuwa zuriya bakwai ba ta yi yawa ba. Wannan lissafi fuska biyu gare shi. Ta ɗaya, ko da an ci shari'ar, bayan lauyoyi sun ɗebi nasu abin da zai kai hannun kowa ba zai yi kama da abin da a ke mafarki ba. Ta biyu kuwa ita ce ta fi muhimmanci: in mutum 16,000 kowa ya ba da dala goma, an tara dala 160,000, ko an ci ko ba a ci ba. Yawan magada asara ce ga magaji, riba ce ga mai karɓar kuɗin shiga. Ban ce duk shugabannin ƙungiyoyin nan macuta ne ba, da yawansu sun gaskata abin da zuciya ɗaya, sun kashe nasu kuɗin da ƙuruciyarsu a kai. Amma Amurka ta ga macutan gaske a wannan fage. Wani Oscar Hartzell ya yi shekaru yana karɓar kuɗi daga dubban manoma, wai zai ƙwato musu gadon Sir Francis Drake, jarumin tekun Ingila da ya mutu tun 1596. A 1933 aka ɗaure shi, amma mabiyansa da yawa suka ci gaba da aika kuɗi, suna cewa manya ne suka haɗa masa tuggu. Ya mutu a tsare a 1943.

Wannan hali na mabiyan Hartzell shi ne na magadan Spindletop. Duk hukuncin da aka yanke a kansu, a wurinsu ƙarin shaida ne cewa kamfanoni sun sayi alkalai. Kada mu yi saurin yi musu dariya, don sun ga abin da ya sa su zargi. A jihar Oklahoma, maƙwabciyar Teksas, akwai ƙabilar Osage, 'yan asalin ƙasar. Dokar 1906 ta raba haƙƙin man ƙasarsu kashi 2,229, kowane mutum kashi ɗaya, kuma ana gadonsa. A shekarun 1920 aka yi ta kashe su ɗaya bayan ɗaya, da guba da bindiga da nakiya, don gadon ya gangaro hannun Turawan da suka auri 'ya'yansu. Wani babban mai kiwo, William Hale, wanda ya ke nuna shi masoyinsu ne, an kama shi da hannu a ciki aka ɗaure shi. Inda aka yi irin wannan da gaske, ba wuya talaka ya yarda cewa shi ma an cuci kakansa. Sai dai Osage suna zaune a kan ƙasarsu, sunayensu na cikin rajista, abin da aka ƙwace musu sananne ne. Mutanen Tenesi ba su da ko ɗaya daga cikin ukun nan.

Ni a ganina abin da gidajen nan suka gada na gaske shi ne labarin kansa. Yaro ya tashi a gidan katako a gefen dutse, ubansa na fama da 'yar gona, da dare kakarsa ta gaya masa su ba matsiyata ba ne, masu arziki ne da aka danne wa haƙƙi. Wannan magana tana da daɗi a kunne, tana ɗaga kai, ba kuwa alkalin da zai iya korar ta. Ta kuma yi wani amfani da ba a nufa ba: don neman shaidar asali, gidaje da yawa sun tono rajistar aure da ta haihuwa da duwatsun kaburbura, sun san kakanninsu har zuriya shida ko bakwai, sun gano dangin da ba su san da su ba.

Tudun Spindletop kuwa yanzu ba tudu ba ne. Mai da farar wutar da aka zuƙe sun sa ƙasar ta lotsa, har ginshiƙin dutsen da aka kafa a 1941 don tunawa da rijiyar Lucas sai da aka ɗauke shi daga wurin. Yana tsaye yanzu a gidan tarihi na Jami'ar Lamar a Beaumont. Amma a Teksas al'ada ce kowane yanki na ƙasa ya riƙe sunan wanda aka fara ba shi, ko ya sauya hannu sau ɗari. Sabo da haka duk takardar ciniki ko ta jingar mai da aka rubuta a kan wannan fili, da duk taswirar hukuma ta gundumar Jefferson, sunan da ke kai har gobe shi ne Pelham Humphries. Wani jikan zai buɗe taswira ya ga sunan gidansu shimfiɗe a kan rijiyoyin mai, ya tuna abin da kakarsa ta gaya masa.